Tsohon Aikatau na Ingilishi « indite » da Bambancin Tsara Magana da Rubuta Ta: Misalai daga Ƙasar Gure

1. Gabatarwa

A cikin ƙamusoshin Ingilishi akwai wani aikatau wanda masu harshen suka kusan daina amfani da shi, watau « indite », da ake furtawa kamar indait. Yawancin ƙamusoshin sukan sa masa alamar tsufa, su bayyana shi da kalmar « write » ko « compose », su wuce. Wanda ya ci karo da shi a tsohon littafi yakan ɗauka cewa wata hanyar ƙawa ce kawai ta faɗin « rubuta ». Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa ba haka abin yake ba. Aikatau ɗin yana riƙe da wani bambanci wanda kalmar « rubuta » ta yau da kullum take rufewa, watau bambancin da ke tsakanin mai tsara magana da mai riƙe da alƙalami.

Ana iya tambaya, ina ruwan mai nazarin Hausa da kalmar da masu ita ma suka jingine? Dalilan biyu ne. Na farko, kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Saboda haka daidaita kalmomin fannu tsakanin harsunan nan uku ya zama wajibi, kuma kalmomin da suka shafi rubutu suna cikin na gaba-gaba. Na biyu, duk wani shiri na yaƙi da jahilci yana tsaye ne bisa abin da masu shirin suke nufi da « iya rubutu ». In ma'anar ta yi ƙunci, to manhaja da jarrabawa ma za su yi ƙunci.

An ɗauko misalai daga ƙasar Gure, ta jihar Damagaram, domin wuri ne da Barbarci da Hausa suke cuɗanya, kuma, kamar yadda za a gani a gaba, ta irin wannan cuɗanya ce ake jin kalmar « rubutu » kanta ta shigo Hausa.

2. Asalin kalmar

2.1 Aikatau ɗin Ingilishi na asali mai nufin rubutu shi ne « write », kuma tsohuwar ma'anar saiwarsa ita ce karta ko sassaƙa alama a kan abu mai tauri. Haka ma « scribere » na Latin, wanda ya haifi « écrire » na Faransanci, da « graphein » na Girkanci: dukkansu daga karta suka faro. Ke nan waɗannan kalmomi aikin hannu suke siffantawa tun farkonsu.

Shi kuwa « indite » daga baki ya fito. Tushensa shi ne « dictare » na Latin, wanda aka gina daga « dicere », watau faɗa. Ma'anar « dictare » ita ce faɗa wa wani magana domin ya rubuta. Da yake manyan Rumawa galibi ba su riƙe alƙalami da kansu, sai su faɗa, magatakarda yana rubutawa, a hankali kalmar ta ɗauki ma'ana ta biyu, watau tsara magana. Shi ya sa a makarantun Italiya na ƙarni na 11 da na 12 ake kiran fannin tsara wasiƙa « ars dictaminis ». Daga wannan tushe ne kuma Jamusanci ya sami « dichten », tsara waƙa, da « Dichter », mawaƙi.

2.2 Da aka sa wa « dictare » ɗafa-goshin « in- », sai tsohon Faransanci ya sami « enditer ». Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can, kalmar kuwa ta shiga Ingilishi da siffar « endite » wajen shekarar 1300. Mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita sau da yawa da ma'anar tsara waƙa ko labari. Abin lura shi ne Faransanci na yau ya yar da « enditer » ɗungum. Ya raba aikinta tsakanin « dicter » da « rédiger ». Wanda ya yi karatu da Faransanci zai fi saurin gane « indite » in ya haɗa waɗannan biyu a ransa.

2.3 Kalmar tana da tagwai a harshen shari'a. A kotunan Ingila « endite » ta ɗauki ma'anar gabatar da tuhuma a kan mutum bisa ƙa'ida. Wajen shekarar 1600 masana masu son mai da kalmomi kamannin Latin suka cusa harafin c a cikin wannan ta shari'a, ta koma « indict », amma furucin bai sauya ba. Har yau ana furta su iri ɗaya, indait, alhali ɗaya tana nufin tsara magana, ɗayar tana nufin tuhuma. Mai fassara daga magana ta baki sai ya kula: in ya ji indait a labarin kotu ko na siyasa, kusan kullum ta tuhuma ake nufi.

3. Ma'ana da amfani

3.1 Ana iya kasa ma'anonin « indite » gida uku, bisa yadda suka biyo juna:

(a) faɗa wa wani magana domin ya rubuta; wannan ma'ana ta mutu;
(b) tsara magana, watau zaɓen kalmomi da jera su har su zama wasiƙa, waƙa ko jawabi; wannan ita ce cibiyar kalmar;
(c) sa abin da aka tsara a takarda. Wannan ta biyo baya, kuma ba ta rabuwa da ta (b).

Fassarar Baibul ta Ingilishi ta 1611, wadda ake dangantawa da Sarki James, ta nuna ma'anar (b) sarai a farkon Zabura ta 45: a can zuciya ce aikau na wannan aikatau, alƙalami kuwa an ambace shi dabam. Zuciya ba ta karta takarda, amma tana tsara magana.

3.2 Ta fuskar nahawu, « indite » aikatau ne so-karɓau, amma ba kowane karɓau yake ɗauka ba. A duba waɗannan jimloli, inda alamar tauraro take nuna jimlar da ba ta karɓu ba:

(1) The chief indited a letter to the judge.
Sarki ya tsara wasiƙa zuwa ga alƙali.
(2) The blind poet indited a long poem.
Makahon mawaƙin ya tsara doguwar waƙa.
(3) *The pupil indited his name on the slate.
(4) *The clerk indited three copies of the letter.

Jimla ta (1) ba ta faɗi wanda ya riƙe alƙalami ba. Mai yiwuwa sarkin ne, mai yiwuwa magatakardansa ne. Jimla ta (2) daidai take ko da mawaƙin bai taɓa ganin harafi ba. Ta (3) da ta (4) kuwa sun ƙi, domin rubuta suna a allo da kwafar wasiƙa aikin hannu ne zalla, babu zaɓen kalma a ciki. Da an sa « wrote » a gurbin « indited », da dukkan huɗun sun karɓu. Ke nan sharaɗin « indite » shi ne maganar ta zama ta aikau ce, kuma ta zama shiryayya.

3.3 A Ingilishin yau ba a jin kalmar a hira, ba a kuma sa ta a takardar ofis. Marubuci yakan ɗauko ta ne in yana son ƙanshin da, ko kuwa don raha, kamar a kira ɗan saƙon waya da sunan da ya dace da wasiƙar sarki. Dalilin tsufanta ba boyayye ba ne. Da ɗab'i ya yaɗu, makarantu suka yawaita, sai mai tsara magana da mai rubuta ta suka zama mutum ɗaya a galibin lokuta, « write » ya haɗiye ayyukan biyu. Kalmar ta tsufa ne domin yanayin da ya haife ta ya gushe a Ingila. A ƙasashen da har yanzu jama'a da yawa suke faɗa wani yana rubuta musu, bambancin yana nan da ransa.

4. Kalmomin Hausa

4.1 A wata maƙala da ya buga a 1960 kan tasirin Barebari a kan Hausawa, Joseph Greenberg ya kawo hujja cewa « rubutu » da « karatu » ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa. A Barbarci « ruwo » shi ne rubutu, « kəra » kuma, wadda asalinta Larabci ne, ita ce karatu. Ɗafa-ƙeyar « -tə » tana mai da aikatau suna, a sami « ruwotə » da « kəratə ». Bisa wannan ra'ayi, Hausa ta ari kalmomin ne tare da ɗafa-ƙeyar tasu, sa'an nan ta gina aikatau daga gare su: rubuta, rubuce, rubuto. Sauyawar t zuwa c a « rubuce » tana nuna yadda kalmar ta zauna daram cikin tsarin aikatau na Hausa. Sauran kayan aikin kuwa daga wasu hanyoyi suka zo: alƙalami da allo da wasiƙa daga Larabci, takarda ta hanyar harshen Abzinawa.

« Rubutu » a Hausa ya fi karkata ga abin da hannu ya yi da tawada. Shaida ita ce ana cewa « rubutunsa yana da kyau » ana nufin siffar baƙaƙensa, ana kuma « shan rubutu », watau tawadar da aka wanke daga allo.

4.2 Duk da haka, kamar « write », aikatau « rubuta » yakan rufe ayyuka biyu:

(5) Sarki ya rubuta wa alƙali wasiƙa.
(6) Magatakarda ya rubuta wasiƙar sarki.

Jimlolin nan biyu suna iya zama labarin wasiƙa ɗaya. A ta (5) an ba sarki aikin domin maganar tasa ce. A ta (6) an ba magatakarda domin hannun nasa ne. In ana son a rarrabe, Hausa ba ta rasa kalmomi ba:

(7) Tsohuwa ta tsara wasiƙa, jikanta ya rubuta.
(8) Malam ya yi wa ɗalibai shifta.
(9) Malam ya wallafa littafi kan gado.
(10) Almajiri ya kwafi littafin malaminsa.

« Tsara » a jimla ta (7) shi ya fi kusa da ma'anar (b) ta « indite », kuma sharaɗinsu ɗaya ne: in aka ce yaro ya tsara sunansa a allo, ma'anar takan koma ga ƙawata baƙaƙe, ba ga zaɓen kalma ba. « Shifta » a ta (8) ta yi daidai da ma'anar (a). « Wallafa », daga Larabci, wadda ta ba da « talifi » da « mawallafi », tsara magana ce mai tsawo ta ilmi ko ta adabi. A makarantu kuma akwai « insha'i », shi ma daga Larabci, sunan darasin tsara magana a rubuce.

4.3 Akwai abin damuwa game da « wallafa ». A harshen jaridu da rediyo na yanzu ta koma nufin bugawa ko yaɗawa, har ana cewa wane ya wallafa hoto a shafinsa na Facebook, ko kamfani kaza ya wallafa littafin wane. In wannan ya ɗore, Hausa za ta yi hasarar kalmar da take ware mai talifi daga mai ɗab'i, kamar yadda Faransanci ya yi hasarar « enditer ». Harshe ba ya bin umurni, amma littattafan makaranta da ƙamusoshi suna da ikon riƙe tsohuwar ma'ana kusa da sabuwa.

5. Mai magana da mai alƙalami a ƙasar Gure

5.1 Gure ita ce hedikwatar tsohuwar masarautar Muniyo, ƙasar Mangawa, wadda take ƙarƙashin Barno a ƙarni na 19. A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya yada zango a garin kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya kuma gana da Muniyoma Koso. A fadojin Barno da na ƙasashen da ke bin ta, al'adar wasiƙa ita ce sarki ya yi magana da Barbarci, malami ya sa ta da Larabci, a buga hatimi. Ayyuka uku ke nan a cikin wasiƙa ɗaya: tsarawa, fassarawa da rubutawa. Wasiƙar ta sarki ce, ba wanda yake musun haka, ko da yake ba hannunsa ba ne, ba kuma harshensa ba ne. Wannan shi ne ainihin yanayin da « indite » take siffantawa a ma'anarta ta farko.

5.2 A cikin ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya ƴanta shi a Barno. Dorugu ya bi Barth har Tumbutu, daga baya har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa da baƙaƙen boko. Wannan magana ta Dorugu tana cikin ginshiƙan nahawun Hausa da Schön ya buga a 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan da ke bangon littattafan na Schön ne. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fito da labarin cikin Ingilishi a matsayin tarihin rayuwar da Dorugu ya bayar da kansa. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

In aka tambaya wa ya rubuta labarin Dorugu, amsar ita ce Schön, kuma gaskiya ce. In aka tambaya wa ya tsara shi, amsar ita ce Dorugu. Tarihin adabin Hausa na zube yana sauya kama gwargwadon tambayar da aka zaɓa. Haka abin yake ga Barbarci: yawancin abin da S. W. Koelle ya buga a 1854 na nahawu da labaran Barno daga bakin Ali Eisami ya fito, wani Babarbare da bauta ta kai Saliyo. Har wa yau, Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma ba mai shakkar cewa shi ne mawallafin Imfiraji, kamar yadda ba mai shakkar cewa John Milton ne mawallafin Paradise Lost na 1667, ko da yake ya makance kafin ya tsara shi, wasu ne suka riƙe masa alƙalami.

5.3 Makarantun da suka koyar da rubutu a wannan yanki iri biyu ne, kuma kowace, bisa dalilinta, hannu ta fi horarwa. A tsangaya, wadda sunanta ma daga Barbarci yake kamar na « gwani », malam yakan fara rubuta wa yaro a allo, sa'an nan yaro ya riƙa dubawa yana rubutawa da kansa, har ya kai matsayin satu, inda zai rubuta da ka a kawo wa malamai su duba. Ƙasar Barno ta yi suna a wannan fanni har ana kai Alƙur'anan da gwanayenta suka rubuta kasuwannin Afirka ta Arewa. A nan rashin tsarawa shi ne manufa, domin nassi ne da ba a ƙara masa ba a rage masa. Tsara magana a makarantar ilmi ake koyonsa, tare da nahawu da balaga da aruli, kuma kaɗan ne suke kaiwa can.

Makarantar boko ta zamanin Faransa, lakwal, ita ma ta ɗaukaka shifta, wadda ɗalibai suka sani da dikte. A jarrabawar kammala firamare kuskure biyar a shifta sifiri ne, sifirin kuwa yana kayar da ɗalibi. Akwai darasin « rédaction », amma da harshen da yaro bai mallaka ba ake yin sa, sai ya zama haddar jimlolin littafi. Yaron da ya iya tsara labari da Manganci ko da Hausa a dandali, ba a lissafa masa wannan iyawa a aji.

5.4 A yau ma ana ganin rabuwar ayyukan nan a zahiri. A ɗauki misalin manomi mai itatuwan dabino a ɗaya daga kwarurukan ƙasar Gure, wanda ya sayar da wani sashe ko ya ba da shi jingina. Tun daga dokar tsarin karkara ta 1993, wadda ta kafa hukumomin kula da filaye, ana ƙarfafa a sa irin wannan ciniki a takarda. Manomin zai faɗi sharuɗɗansa da Manganci, wani ya juya su Hausa, wani ya cika takarda da Faransanci, shi kuma ya dangwala yatsa. In an tashi gardama bayan shekaru, takardar ce za ta yi magana da sunansa, alhali bai san ko « jingina » ya faɗa aka rubuta « sayarwa » ba. Koya masa rubuta sunansa zai mai da dangwale sa hannu, amma ba zai sa maganar da ke takardar ta zama tasa ba.

Ta wani gefen, yawan saƙonnin murya da ake aikawa ta WhatsApp ya nuna cewa gwanintar tsarawa ba ta yi ƙaranci ba. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yakan buɗe saƙonsa da sallama, ya jera gaisuwa bisa girman wanda yake wa magana, ya kawo buƙatarsa, ya rufe da addu'a, daidai da tsarin wasiƙa. Rabin aikin yana hannunsa tun kafin ya zo ajin yaƙi da jahilci.

6. Abin da wannan ya ƙunsa ga masu tsara yaƙi da jahilci

6.1 Nijar ta fara yaƙi da jahilci na manya cikin harsunan ƙasa a 1963. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya daidaita baƙaƙen Hausa da Barbarci da wasu harsuna; an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973; an kuma sake tabbatar da ƙa'idojin rubutu a 1999. Waɗannan matakai duk wajibi ne, amma galibinsu ɓangaren harafi suka shafa. Har wa yau shifta ta fi kowane gwaji sauƙin dubawa, tun da ƙirga kurakurai kawai ake yi, saboda haka takan rinjayi sauran gwaje-gwaje in ba a yi hattara ba. Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarwari huɗu.

6.2 Ta farko, a tsai da kalmomin fannu a littattafan malamai da ƙamusoshi kamar haka: « rubuta » ga aikin hannu, daidai da « écrire », « kwafa » daidai da « copier », « yi shifta » daidai da « dicter », « tsara » daidai da « rédiger » da « compose », kuma ita ce fassarar « indite » a tsofaffin matanoni, « wallafa » ga talifin littafi, « buga » ga ɗab'i. A ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa a sa gargaɗi a ƙarƙashin « indite » da « indict » cewa furucinsu ɗaya ne.

Ta biyu, a fara darasin tsarawa tun makon farko, kada a jira sai an gama baƙaƙe. Ɗalibi ya faɗi saƙonsa, malami ya rubuta a babban allo ba tare da ya gyara masa magana ba, a karanta masa, ya yarda ko ya sauya, sa'an nan wannan matani ya zama abin koyon karatu da kwafa. Ta haka ɗalibi zai ga maganarsa ta zama rubutu, ya kuma saba da neman a karanta masa abin da aka rubuta da sunansa.

Ta uku, a raba makin jarrabawa gida biyu, na hannu da na tsari. A gwajin tsari a ba ɗalibi buƙata ta gaske, kamar takardar bashi, ko sanarwar ɓatan raƙumi, ko wasiƙa zuwa ga ɗa da ke ci-rani, a duba ko wanda ya karɓa zai gane wane ne, me ake so, nawa ne, yaushe ne. Kuskuren ƙa'idar rubutu kada ya ci makin tsari. A wuri irin Gure, inda harshen gida na ɗalibai da yawa Manganci ne ko Fulatanci ko harshen Tubawa, a bar ɗalibi ya tsara da harshen da ya fi mallaka, a auna juyawa zuwa Hausa a matsayin gwaninta ta uku mai zaman kanta.

Ta huɗu ta shafi masu bincike. Duk matanin da aka ɗauka daga bakin mutum, tarihi ne ko waƙa ko tatsuniya, a rubuta a kansa wanda ya tsara, da wanda ya rubuta, da wanda ya fassara, kowa da aikinsa, in mai maganar ya yarda a ambace shi. Kalmar « mai ba da bayani » ta dace da wanda aka tambaya jam'in wata kalma. Ba ta isa ga wanda ya ba da labarin shafi hamsin ba.

7. Kammalawa

An nuna cewa « indite » ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin faɗa wa wani ya rubuta, cewa cibiyar ma'anarsa ita ce tsara magana, kuma cewa ya tsufa ne lokacin da mai tsarawa da mai rubutawa suka zama mutum ɗaya a Ingila. An kuma nuna cewa Hausa tana da kalmomin da suke riƙe da wannan bambanci, watau tsara, shifta, wallafa da kwafa, ko da yake « rubuta » yakan rufe su, « wallafa » kuma tana zamewa. Misalan fadar Muniyo, da na Dorugu, da na takardun filaye sun nuna cewa bambancin yana da sakamako a kan haƙƙin mutane, na suna da na dukiya. Aikin da ya kamata ya biyo baya shi ne a tattara kalmomin da malaman tsangaya da masu rubuta wa jama'a wasiƙa a Gure da kewayenta suke amfani da su, da Manganci da Hausa, ga kowane ɗaya daga ayyukan nan, domin jerin kalmomin da za a sa a littattafan malamai ya fito daga bakin masu sana'ar.